Sabon Lambu a Gefen Garka: A Auna Ruwa Kafin a Auna Ƙasa

 Cikin 'yan shekarun nan akwai tambaya ɗaya da take ta dawowa a tarurrukanmu, yawanci daga bakin iyayenmu mata. Suna cewa, tun da kayan miya sun yi tsada haka, me zai hana a yanki wani gefe na garkar gida, watau ɗan filin nan da ke jikin danga inda aka saba zuba masara da kabewa, a mai da shi lambun ganye da kayan miya? Amsarmu ita ce, babu abin da zai hana. Aiki ne mai kyau, kuma gida mai yara ƙanana ya fi kowa bukatarsa. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna fiye da rabin yaran Jihar Kano 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, ba su kai tsawon shekarunsu ba. Tuwo kaɗai ba ya gyara wannan. Ganye da kayan lambu a miya kowace rana suna cikin abin da jikin yaro yake nema.

Amma fa mun sha ganin irin wannan lambu ya fara da murna a watan Nuwamba, ya mutu da ƙishirwa a watan Maris. Ba iri ne ya ƙi ba, ba ƙasa ba ce. An yanki fili ne da ido, ba a tambayi rijiya ba.

Abin da mai gida zai rasa

Bari mu fara da maganar da takan tsai da aikin tun ba a ɗauki fartanya ba. Mai gida yakan ce, "Wurin nan shi ya fi ko'ina ƙarfi, nan nake samun masarar fari, yaya zan ba da shi ga alayyahu?" Maganarsa tana kan hanya, gama masarar garka ita take fid da gida daga yunwar Agusta. Sai dai a yi lissafi. Lambun da muke ba da shawara a fara da shi komaye 4 ne, kowane faɗin mita 1, tsawon mita 5. Duk da hanyoyin tsakani da wurin danga, filin bai wuce mita 6 a faɗi da mita 7 a tsawo ba, watau murabba'in mita 42. Hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce. In ma mun ce wannan ƙasa tana ba da buhu 20 na masara a hekta, kowane buhu kwano 40, to abin da wannan ɗan yanki zai bayar bai kai kwano 4 ba. A ce ƙasar ta fi haka ƙarfi, ta ba da buhu 30, kwano 5 ke nan. Sai uwargida ta faɗi nawa take kashewa a cefane cikin mako biyu, a gwada da kuɗin kwano 5 na masara. Yawanci a nan gardamar take ƙarewa.

Lissafin ruwa

Ga inda muke so a zauna sosai. Kogin da ya ratsa Wudil ya nufi Ringim da Haɗeja ya bi ta gefen ƙasar Ajingi, kuma waɗanda suke da fadama kusa da shi sun daɗe da sanin noman rani. Tun zamanin jigo suke yi, kafin hukumar KNARDA ta yaɗa ƙananan injunan ban ruwa da rijiyoyin bututu a fadamun Kano cikin shekarun 1980. Ba da su muke magana yau ba. Muna magana ne da mai garka a kan tudu, wanda ruwansa na guga ne, ko na famfon tuƙa-tuƙa na unguwa. Ko mai inji ma, tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, ya koyi ƙirga ruwa kamar yadda ake ƙirga kuɗi.

A ƙasarmu, lokacin hunturu, kowane murabba'in mita na lambu yana shan wajen lita 5 a rana. In zafi ya shigo, daga Maris zuwa Mayu, yakan kai lita 7 ko 8. Komayenmu 4 murabba'in mita 20 ne. Da sanyi lita 100 ke nan, jarka 4 mai lita 25. Da bazara lita 160, jarka 6 da ɗoriya, kowace rana ta Allah, babu ranar kasuwa, babu ranar biki, babu ranar da mai ban ruwan ya kwana da zazzaɓi. Wannan gida ɗaya zai iya. To, a dubi wanda zuciya ta ɗebe shi ya zagaye mita 20 da mita 20. Wannan murabba'in mita 400 ne. Da sanyi yana neman jarka 80 a rana, da zafi fiye da 120. Wa zai ja masa? Ƙarshenta sai ya riƙa yayyafa wa kowane komi kaɗan-kaɗan, ruwan ba ya kai saiwa, dukan lambun ya tafi tare. Da ya tsaya a komaye 4, da ya ci. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Kada kuma a auna rijiya a watan Oktoba, lokacin da take cike har ana ɗiba da gajeren igiya. Rijiyar Afrilu ita ce ta gaskiya. Wanda ya san halinta a wannan lokaci ba mai gida ba ne, mata da yara ne masu ɗiban ruwa. A tambaye su: wane wata ne ake ƙara igiya? Guga nawa ake ja kafin a fara ɗebo laka? In an kwashe ta da safe, da wane lokaci take tarawa? Abin da ya ragu bayan sha da girki da wanka da dabbobi, shi ne rabon lambu. In famfon unguwa ne, sai a yi magana da mai unguwa da maƙwabta tukuna. Mutum ya tsaya yana cika jarka 6 domin tumatir alhali mata suna layi da bokitin girki, wannan hanyar ɓata zumunci ce, kuma lambu bai kai wannan ba.

Akwai dabarun rage shan ruwa. Babbarsu ita ce rufe fuskar komi da busasshiyar ciyawa ko ɓawon gyaɗa ko ƙaiƙayi, kaurin yatsa uku, bayan shuka ta kama. Rana ba ta dukan ƙasa kai tsaye, danshi yana daɗewa. A lura da gara kawai, kada a tura ciyawar har jikin kara. Wata tsohuwar dabara kuma, a binne tulu ko tukunyar ƙasa wadda ba a shafe ta ba har wuya, a cika ta da ruwa, a rufe bakin, a dasa tumatir ko barkono kewaye da ita. Ruwan yana tsattsafowa a hankali daidai inda saiwa take. Ruwan wanke hatsi da na ɗauraye kwanuka ya yi wa zogale da gwanda. Ruwan wanki mai omo, kada a zuba shi a kan ganyen da za a ci. In kuwa aka ga farin gishiri yana fitowa a bakin komi bayan ruwa ya bushe, ruwan nan yana da kanwa, kuma albasa da karas ba za su so shi ba.

Wane gefe za a yanka?

Wurin da ya fi kusa da ruwa, muddin rana tana samunsa aƙalla sa'a 6. Kowane taku goma da aka ƙara tsakanin rijiya da komi, za a taka shi da jarka a ka sau dubbai kafin damina.

A ɗaga kai a dubi itatuwa. Gawo abokin manomi ne a gonar gero, domin da damina yake zubar da ganye, ya bar wa shuka rana, ya kuma ƙara wa ƙasa ƙarfi. Amma da rani ne yake yin ganye, watau daidai lokacin da lambu yake neman haske. Ba mu ce a sare shi ba, ko kusa. A matsa daga inuwarsa kawai. Darbejiya da turare kuwa saiwarsu takan bi danshi ta shigo har cikin komi, ta shanye ruwan da aka sha wahalar ɗaukowa. In babu yadda za a yi a nisance su, a haƙa rami mai zurfin gwiwa tsakaninsu da lambu, a datse saiwoyin, a kuma sake yi kowace shekara.

A tuna da damina. Ambaliyar watan Agusta na 2022 ta rushe gidaje masu yawa a ƙasar Ajingi, kuma kowa ya ga inda ruwa yake bi da inda yake kwanciya a gidansa. Kada a sa lambu a hanyar ruwa, kada kuma a sa shi gangaren masai ko inda ruwan makewayi yake malalowa. Tsohon turken dabbobi wuri ne mai kyau ƙwarai in ya shekara babu dabba. Tsohon juji ma haka, amma jujin yau ba irin na kakanninmu ba ne. A tankaɗe shi, a fid da leda da kwalabe, musamman tsofaffin batura, gama gubarsu tana shiga ƙasa.

Sa'an nan ga wani abu da iyayenmu ba su yi fama da shi ba. Yanzu mutane da yawa suna fesa maganin ciyawa a masara, irin wanda ake kira atrazine. Masara ba ta jinsa, amma yakan zauna cikin ƙasa wata da watanni, kuma kayan lambu ba sa jure shi. Mai shuka zai ga iri ya tsiro lafiya, bayan 'yan kwanaki ganyen ya yi ɗorawa, ya ƙone daga baki, sai ya zargi mai sayar da iri. In an yi feshi a garkar da daminar da ta wuce, ga gwaji mai sauƙi. A cika gwangwani biyu, ɗaya da ƙasar wurin, ɗaya da ƙasar da aka tabbata ba a taɓa fesawa ba. A shuka alayyahu ko tumatir a kowane, a yi ta ba su ruwa har mako 3. In na ƙasar garka ya ƙone, ɗayan yana tsaye, sai a nemi wani gefe, ko a bar wurin sai baɗi.

Danga kafin iri

Da an gama girbi ana sakin awaki da tumaki, kuma daga Disamba lambun nan shi ne kaɗai koren abu a unguwa. Akuya ɗaya tana gama aikin wata biyu kafin a dawo daga rijiya. A kafa danga ta karan dawa mai kauri, a ɗaure ta sama da ƙasa, a jera ƙayar magarya a gindinta ta waje, a toshe ƙasan sosai saboda kaji. Ƙofar ta zama mai rufuwa da kanta ko mai ƙarfi, domin yawancin ɓarna ta ƙofar da yaro ya bari a buɗe take shigowa. Da damina ta faɗi sai a kafa rassan zogale da lalle a bin dangar. Cikin shekara biyu an sami shinge mai rai, ga ganyen miya a kai. Waɗansu suna sa bini-da-zugu domin dabba ba ta cinsa, amma 'ya'yansa guba ne, kuma yara sukan ɗauka gyaɗa ce. A gidan da ke da ƙanana, mu dai ba mu so.

Gyaran ƙasa

A kafta ƙasar zurfin taƙi ɗaya da rabi, wajen santimita 30. Ƙasar garka takan taurare saboda takun mutane da dabbobi, don haka a jiƙa ta da yamma, a kafta da safe. In akwai kiri-kiri ko jiji, kada a sassare su a binne, gama kowane guntu sabon tsiro ne. A tsince saiwar kiri-kiri da 'ya'yan jiji da hannu, a shanya a rana, a ƙone. Aiki ne mai cin rai, amma a murabba'in mita 42 yana yiwuwa. Wannan ma wani dalili ne na farawa da kaɗan.

Yawancin tudunmu jigawa ce, ruwa yana wucewa kamar a rariya. Abin da yake riƙe shi taki ne. Kowane komi a zuba masa kwanon sarki 2 na ruɓaɓɓen taki, a cuɗa da ƙasar sama. Mun ce ruɓaɓɓe. Ɗanyen kashin kaji ko na awaki yana ƙona saiwa, yana kawo irin ciyawa, yana sa karas ya yi rassa, kuma yana iya kawo ciwon ciki ta ganyen da ake ci ɗanye kamar latas. A tara shi a rami tare da shara da ganyaye da 'yar toka, a jiƙa, a juya kowane mako 2 ko 3. Cikin wata 2 zuwa 3 zai yi baƙi, ya huce, warin ya tafi. Wanda yake son dasawa a Nuwamba, ramin takinsa ya kamata ya cika tun Agusta. Takin zamani yana taimako in akwai hali, amma ba ya riƙe ruwa, don haka ba ya maye gurbin na gida.

Siffar komi tana bin lokaci. Da rani a yi shi mai zurfi, bakinsa a ɗage, domin ruwa ya zauna. Da damina a ɗaga shi ya fi hanya tudu da taƙi guda, domin ruwa ya tsiyaye. Faɗin kada ya wuce mita 1, yadda hannu zai kai tsakiya ba tare da an taka ba.

Me za a shuka?

Nan ma zuciya takan ja mutum zuwa tumatir, tun da shi ne ya fi tsada a kasuwa. Amma a duba lokacin da yake tsada. Tumatirin da aka yi renonsa a Oktoba, aka dasa a Nuwamba, yana nuna daga Janairu zuwa Maris, daidai lokacin da manyan gonakin Kadawa da Kura, masu shan ruwan madatsar Tiga, suke cika kasuwar Kwanar Gafan da 'Yankaba da kwanduna. A lokacin ne ya fi araha. Mai komi ɗaya ba zai yi takara da su ba. In zafi ya shigo kuma, furen yakan zube, ga tsutsar nan da manoman Kano suke kira sharon. Asalinta daga Amurka ta Kudu take, ta shiga Sifen a 2006, ta iso Nijeriya a 2015, ta yi mummunar ɓarna a Kano da Kaduna da Katsina a 2016, ta kuma sake tasowa da ƙarfi a 2023. Tana shiga tsakiyar ganye ne ta ci, shi ya sa feshi ba ya cika samunta. Saboda haka komi ɗaya na tumatir ya isa, na tukunyar gida. In ya yi yawa a yanka a shanya, a ajiye kauɗa domin damina.

Mu a ganinmu alayyahu ne ya kamata ya sami komi na fari. Cikin mako 3 zuwa 4 an fara ci, yana jure zafi, kuma in aka yanka sama aka bar gindi yana sake tohowa. Gidan da ya ga ganye a miya tun watan farko ba ya gajiya da ɗaukar jarka. Kada a shuka komin duka rana ɗaya. A raba shi uku, a riƙa shuka kashi ɗaya kowane kwana 10. Irin ƙanana ne ƙwarai, a gauraya shi da yashi kafin a yafa. Komi na uku albasa, wadda take yin mako 6 zuwa 8 a wurin reno kafin dashe, tana son sanyi, kuma tana ajiyuwa. Na huɗu a raba tsakanin attaruhu da abin da gidan yake so, ko karas ko latas ko kabeji, dukansu na hunturu ne. Kuɓewa ba ta son sanyi, takan tsaya cik a Disamba da Janairu. A jira ƙarshen Fabrairu. Da damina kuwa komayen su koma kuɓewa da yakuwa da rama da lalo, waɗanda ba su neman guga.

Kada a mai da abu ɗaya komi ɗaya shekara biyu a jere. Tumatir da attaruhu da tattasai da gauta dangi ɗaya ne, cutarsu ɗaya. In an tuge tsohon tumatir ko kuɓewa, a dubi saiwar. In ta kumbura ta yi ƙulu-ƙulu, akwai wata ƙaramar tsutsa da ido ba ya gani a ƙasar. A ƙone saiwar, a ba komin albasa ko masara. Kada a rikita wannan da 'yan ƙwayoyin da ke jikin saiwar wake da gyaɗa. Waɗannan masu amfani ne, suna ƙara wa ƙasa ƙarfi, kuma in an murza su suna ɓallewa. Na cutar kuwa saiwar ce da kanta ta kumbura.

Game da ƙwari, a ɗan lambu irin wannan ido da hannu sun fi kwalba. A duba bayan ganye kowace safiya lokacin ban ruwa, a tsinke wanda ya kamu. In darɓa ta yi yawa, a daka rabin kilo na ƙwayar 'ya'yan darbejiya, a jiƙa a lita 10 na ruwa ya kwana, a tace, a sa ɗan sabulu, a fesa da yamma. Fiya-fiya kuwa da sauran magunguna masu ƙarfi, kada su kusanci ganyen da yara za su ci cikin makon nan.

Lambun wa?

Wannan ba maganar ƙasa ba ce, amma ta kashe lambuna da yawa. Mai gida ya ba da fili, uwargida da yara suka ja ruwa wata huɗu, ran da albasa ta isa sai ga ta a bayan babur an nufi kasuwar Juma'a ta Wudil, kuɗin kuma bai dawo ta hannun wadda ta yi wahala ba. Shekara mai zuwa babu mai taɓa guga. A gidajenmu an san gayauna tun kaka da kakanni, an san abin da mace ta noma a gayaunarta nata ne. A ɗauki lambun nan haka tun farko, a faɗa a fili: wa zai yi danga, wa zai ba da ruwa, wa yake da abin da ya ragu bayan tukunya. In gidan mata biyu ne ko fiye, matan 'yan'uwa ko surukai, a raba komaye, kowa ta san nata. In filin na aro ne, a nemi alkawarin shekara 3 a gaban shaidu kafin a zuba taki, domin ƙasar da aka gyara takan tuna wa mai ita cewa yana bukatarta.

Ƙungiya tana da nata aikin. Gida ɗaya ba ya bukatar gwangwanin irin albasa ko na tumatir, kuma irin da ake aunawa da cokali a kasuwa ba a san shekarunsa ba. Gida 10 su haɗa kuɗi su sayi rufaffen gwangwani ɗaya mai kwanan wata a jiki. Kafin a raba, a ƙirga ƙwaya 20 a sa cikin jiƙaƙƙen tsumma. In bayan kwana 10 waɗanda suka tsiro ba su kai 14 ba, a mayar wa mai shi. A yi wurin reno ɗaya a gidan wanda ruwansa ya fi tabbata, a yi masa rumfar ciyawa, kowa ya zo ya ɗauki dashensa da yamma. In an rubuta F1 a jikin gwangwanin, irin aure ne, kada a ajiye 'ya'yansa domin baɗi, ba za su fito kamar uwar ba. Alayyahu da kuɓewa da yakuwa na gida kuwa a bar masu kyau su yi iri, a ajiye a kwalba da toka.

Muna roƙon sakatarorin ƙungiyoyi, daga Toranke da Balare da Gurduba har zuwa cikin ƙasar Gaya, tare da shugabannin zumuntar mata, su rubuta sunan kowane gida da ke son farawa. A gaban sunan a sa abu uku: inda ruwansa yake, jarka nawa yake iya warewa a rana cikin Afrilu, da sunan wanda zai ɗauka. Gidan da ya rubuta jarka 3, komi 2 za mu auna masa. In muka zo zagaye za mu taho da igiya da turaku.